Wai aikin da aka rubuta a kundin tsarin mulki, aikin wa ake nufi?

Mushe Laminu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya bayan isha'i muka kama wata gardama a fadarmu ta Zengu har shayi ya ƙare ba mu gama ba, shi ne na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masana. Kowa ya san taken ƙasarmu Nijar kalma uku ne, zumunci, aiki, ci gaba, yana jikin tambarin ƙasa, ni kaina ina koya wa yara shi kowace shekara a lakwal. Kundin tsarin mulki na 2010 ma a aya ta 33 ya ce gwamnati ta yarda kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samun aiki, kuma za ta yi ƙoƙari ma'aikaci ya samu ladar da ta dace da guminsa. To ni shekarata tara ina koyarwa a kan kwantiragi a wani ƙauye bayan Mirriya, aji ɗaya yara sun haura tamanin, ɗan abin da ake ba mu ma sai an yi jira har mai kanti ya fara ɗaure fuska. Kun san an dakatar da wancan kundin tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, yanzu da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ake tafiya, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a zo rubuta sabo. Tambayata, in an zo rubutawa, mu nace a sa aiki a gaba ko kuwa tawada ce kawai ake ɓatawa?

Abdu Ɗan Birni: Wa alaikumus salam Mushe. Ni dai ban ga amfaninsa ba wlh. Diplom ɗina na nan cikin akwati shekara biyar, kabu-kabu nake yi, mashin ɗin ma ba nawa ba ne, kullum da yamma sai na kai wa mai shi balas ko na samu ko ban samu ba. Aya ta 33 tana nan lokacin da na gama jami'a, ba ta ɗauke ni aiki ba.

Nana Fasuma: Yaya Abdu ina jin zafin maganarka amma bari in ɗan yi bayani yadda aka koya mana a fannin shari'a. Ayar ba ta ce gwamnati za ta ba kowa aiki ba, cewa ta yi za ta yi ƙoƙari ta samar da yanayin da mutum zai ci moriyar wannan haƙƙin. To wannan kalmar ta ƙoƙari nan ne ramin yake, domin in ka je gaban alƙali ka ce ba ni da aiki, lauyan gwamnati zai ce ai muna kan ƙoƙari, shikenan an rufe magana. Amma aya ta 34 da ke biye da ita, wadda ta ba da 'yancin kafa sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, da yajin aiki, ita tana da haƙora, in an kori mutum don ya shiga yajin aiki na halal yana da inda zai kai kuka. Kenan ba duk abin da aka rubuta ne banza ba, ya danganta da yadda aka rubuta shi.

Abdu Ɗan Birni: To ƙanwata ni wa zan yi wa yajin aiki? In na ajiye mashin yau gobe an ba wani, samari ɗari na jira a bakin tasha.

Sani na Italiya: Slm 'yan uwa, yanzu na dawo daga gona na ga wannan magana, dole in sa baki don ƙasar da nake zaune ita ce uwa a wannan harkar. Italiya aya ta farko ta kundinsu, ta farko fa ba ta talatin da uku ba, cewa ta yi Italiya jamhuriya ce ta dimokuraɗiyya da aka gina a kan aiki. Kundin ya fara aiki 1 ga Janairu 1948 bayan sun fito daga yaƙi da mulkin Musolini sun kuma kori sarauta da ƙuri'a a 1946. Wani dattijo ɗan sandika da yake koya mana harshensu da daddare shi ya ba mu labarin yadda aka yi, ya ce 'yan kwaminis su Toliyati sun so a rubuta jamhuriyar ma'aikata, sauran suka ƙi don kar ya zama ƙasar ta wani rukuni ce kaɗai, sai Fanfani na jam'iyyar Kirista ya kawo wannan lafazin na an gina ta a kan aiki, aka daidaita a kai. Manufarsu ita ce darajar mutum ba daga gidan da aka haife shi ko dukiyar da ya gada take ba, daga abin da yake yi wa jama'a take. Maganar tana da daɗin ji ƙwarai. Amma ku zo wajen Foja lokacin tumatir ku ga yadda muke kwana a bukkokin kwali da leda, ana biyanmu a kan akwati ba a kan awa ba, ɗan kamasho ya cire kuɗin mota ya cire na ruwan sha, a ƙasar da aka gina a kan aiki. Sun yi doka a 2016 ta hukunta irin waɗannan 'yan kamashon da masu gonar da ke amfani da su, ana kama wasu, amma abin bai mutu ba.

Abdu Ɗan Birni: Ka ji ko Mushe. Su da suka sa a aya ta farko ma ga yadda suke.

Sani na Italiya: A'a Abdu tsaya ban gama ba, kar ka ɗauki rabin maganata. Akwai aya ta 36 a wannan kundin da ta ce albashi dole ya dace da yawan aikin da ingancinsa kuma ko ta yaya dole ya ishi ma'aikaci da iyalinsa su rayu cikin mutunci. Italiya ba ta da mafi ƙarancin albashi na doka irin namu, amma alƙalansu suna ɗaukar wannan ayar kai tsaye su ce wa mai kamfani abin da kake biya bai isa ba, ka cika. Ni na ga wanda ya samu cikon kuɗinsa ta wannan hanyar bayan sandika ta tsaya masa. Bambancin shi yana da takardu ni a lokacin ba ni da su. Kenan rubutun yana aiki, amma ga wanda doka take gani.

Baba Issufu: Madalla da wannan zance. Ku yara ku yi haƙuri da tsoho, rubutuna a waya a hankali ne. Abdu ɗana, ka ce ba ka ga amfanin rubutun ba, to bari in tuna maka abin da tawada ta taɓa yi a ƙasar nan. Mahaifina ya yi aikin tilas na Nasara, ana zuwa gari a ce mai gari ya kawo mutum kaza, a kora su gyaran hanya ko ɗaukar kaya ba ko dala, wanda ya gudu a kama ubansa. Abin da ya kashe wannan a hukumance doka ce ta 11 ga Afrilu 1946 wadda ake kira da sunan Hufuwet Buwanyi, 'yan layuka ne ƙalilan a takarda. Amma takardar ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne suka yi ta gudu suna tsallakawa Kano da Katsina suna barin garuruwa kango, wasu suka yi ta faɗa a majalisar Faransa. Djibo Bakary kansa ta hanyar sandika ya yi ƙarfi kafin jam'iyyarsa ta Sawaba. Mu kuma a zamaninmu USTN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Nijar, ita ce ta tsaya da yajin aiki tare da 'yan makaranta har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991, ni ina cikin waɗanda suka rufe buro a nan Damagaram. Don haka rubutu shi kaɗai ba ya tafiya, amma ranar da ka tashi neman haƙƙinka za ka so a ce akwai shi, don shi ne sandar da za ka dogara.

Mushe Laminu: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma ku gafarce ni, sandikar da kuka yi ta ma'aikatan gwamnati ce da na kamfani, masu albashin ƙarshen wata da lambar Kes, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata. Mu nawa ne a ƙasar nan? Mafi yawan mutanen Damagaram noma suke da kiwo da 'yan sana'o'i, ba su taɓa ganin takardar albashi ba.

Baba Issufu: Gaskiyarka ɗana, wannan laifinmu ne kuma ban ɓoye shi. Mun yi faɗa don fonksiyoner, mun manta da mai faskare.

Hajiya Zuwaira: To tunda Baba ya buɗe ƙofar bari in shigo. Duk maganar nan da kuke yi tun ɗazu ban ji an ambaci mace ba. Ni 'yar Kance ce, can aka haife ni. Mace ta tashi tun asuba ta je rijiya, ta yi surfe ta yi daka, ta yi gamana a ɗan filinta, ta soya ƙuli ta kai kasuwar Matamai, ta dawo ta ɗora tukunya, amma in mai ƙidaya ya zo ya tambayi mijin me matarka take yi sai ya ce ba ta aikin komi, tana gida. Kun tuna Oktoban 2013 da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kusan dukkansu mata da yara kuma yawancinsu daga wajenmu suka fito. Waɗannan matan ba ragwaye ba ne wallahi, na san irinsu, hannunsu duk kanta. Aikin da suke yi ne ba ya ciyar da su, gonar ta tsuke, gado an raba an raba har ya zama ba ya isar gida ɗaya wata huɗu, shi ya sa suke ɗaukar yara su tafi bara ƙasar wasu. In za a rubuta aiki a kundi ni ina so in san ko nasu yana ciki. Sannan 'yan matan da ake kawowa birni aikatau, yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana wanke-wanke da raino daga safe har dare a ba uwarta jika biyar a wata, a gidajen wa suke? A gidajenmu suke, mu masu wannan muhawarar.

Nana Fasuma: Hajiya kin taɓo inda yake min ciwo. Kuma ga wani abu, tunda kundin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ya kamata mu tambayi kanmu da wace kalma za a rubuta. A kundin da aka rubuta da Faransanci kalma ɗaya aka sa aka zuba komi ciki. Mu kuwa muna da aiki, muna da sana'a, muna da ƙwadago, muna da aikatau, muna da gayya, muna da barantaka, muna da bauta, kuma kowacce da matsayin mai yin ta a idon jama'a. In ka ce wa mutumin Damagaram wane ya samu aiki, abin da zai fahimta shi ne an ɗauke shi a gwamnati ko a matatar mai ko wata ƙungiya. Maƙeri ba ya cewa ina da aiki, cewa yake ina da sana'a. Wanda ake ɗauka noma a biya shi da yamma ɗan ƙwadago ne. To in aka rubuta haƙƙin aiki kawai, talaka zai ji kamar da 'yan boko ake. Ni da za a tambaye ni sai in ce a jera su da sunansu, noma da kiwo da sana'ar hannu da ƙwadago da aikin gida, don kar wani alƙali ya zo gobe ya ce ba su ake nufi ba.

Ɗan Majema: Allah ya yi miki albarka Nana. Ni a majema na tashi, ubana da kakana duk jima suka yi, fatar Damagaram har Kano har ƙetare an san ta, jakunkuna da takalma da dukawa ke ɗinkawa daga hannunmu take fitowa. Amma je ka neman aure wani gidan ka ce kai majemi ne ka ga yadda za a dube ka, a ce wari. Mahauci haka, wanzami haka, maƙeri haka. Mu da bakinmu muke cewa sana'a sa'a, amma a zuci mun jera sana'o'in wannan ta 'ya'yan gida ce wannan ta ƙasƙantattu ce. Wannan kundi ba zai gyara shi ba sai mu.

Malam Habu: Bismillah. Abin da Ɗan Majema ya faɗa ba shi da asali a addini, al'ada ce kawai. Annabi Dawuda alaihis salam da aikin hannunsa yake ci, kuma hadisi ya zo a kan cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa. Wani hadisin na Ibn Majah ya ce a ba ɗan ƙwadago ladarsa kafin guminsa ya bushe. Ku duba fa, ba a ce a yi ƙoƙari a ba shi ba, an ce a ba shi, an kuma sa lokaci. Ni a ganina masu rubuta kundi su yi koyi da wannan lafazin, umarni da wa'adi. Kuma mu malamai ma akwai gyara a wajenmu, almajirin da ake turawa gidan mutane yana wanki da share-share don ɗan tuwon dare shi ma aiki yake, a duba shi.

Alhaji Mamman: Jama'a na daɗe ina karantawa ban ce komi ba, amma bari in faɗi ta ɓangaren masu ɗaukar mutane, don kamar an mai da mu azzalumai. Shagona a kasuwar Dole yake, yara huɗu ke tare da ni. An ce mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30.047 zuwa 42.000, to madalla, amma ni in na ce zan ba kowane yaro jika 42 a wata in kuma yi masa rajista a Kes in riƙa zuba masa, wlh sai dai in sallami uku in bar ɗaya. Tun da aka rufe iyaka a 2023 kaya suka yi tsada, naira ta faɗi ciniki da 'yan Najeriya ya rikice, ga patanti ga haya ga wuta. Kuma tsarinmu na kasuwa ba irin na Bature ba ne, yaro yana zuwa wajenka ka ciyar da shi, in ya yi ciwo ka kai shi likita, in ya isa aure ka yi masa, bayan shekara bakwai ko takwas ka yaye shi ka ba shi jari ya buɗe nasa. Ni haka aka yi min, kuma na yaye mutum uku suna nan suna cin gashin kansu. Wannan ba daraja aiki ba ne?

Abdu Ɗan Birni: Alhaji ku kun yaye uku Allah ya saka. Amma na san wanda ya yi wa maigidansa shekara goma sha ɗaya, da lokacin sallama ya matso sai aka ce ya yi sata aka kore shi da rigar jikinsa. Ina zai kai ƙara? Ba takarda, ba shaida, kowa na jin nauyin maigidan.

Alhaji Mamman: Wannan yana faruwa, ba zan musa ba, kuma Allah zai tambaye shi.

Nana Fasuma: Allah zai tambaye shi Alhaji, amma kafin nan yaron yana da ciki da zai ci. Ba cewa ake a rushe tsarinku ba, tsarin yana da kyau inda aka riƙe amana. Abin da ake so doka ta san da shi, a rubuta yarjejeniya ko da a gaban sarkin kasuwa ne da shaidu biyu, shekara kaza, sallama kaza, in an saɓa akwai inda za a je. Kuma ga masu cewa rubutu ba ya komi, ku tuna Hadijatou Mani. An sayar da ita tana 'yar shekara 12, ta yi shekaru tana bauta a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saye a ajiye kamar mata ta biyar, dokar 2003 ta riga ta mai da bauta laifi a Nijar amma kotunan gida suka yi ta juya ta. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta, aka yanke a biya ta miliyan 10 na sefa. Da ba a rubuta haramcin bauta ba da me za ta riƙe ta shiga kotun?

Mushe Laminu: Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda 'yan siyasa ke juya kalmar. Duk wanda ya hau, farar hula ko soja, zai ce a tashi a yi aiki, ƙasa ba ta ginuwa sai da aiki, matasa ku koma gona. Ba ƙarya ba ne. Amma kullum aikin a bakinsu wajibi ne a kanmu, ba a cika jin ɓangaren haƙƙinmu a kansu ba. Ranar da muka ce a biya mu a kan lokaci sai a ce ba mu da kishin ƙasa.

Baba Issufu: Wannan tsohuwar dabara ce ɗana. Tarayyar Sobiyet a kundinta na 1936 ta rubuta cewa wanda bai yi aiki ba kada ya ci, kuma a ƙasar ne aka cika sansanoni da mutane ana sa su aikin tilas. Mu ma nan zamanin shugaba Kunce an yi samariya, an yi gayya an gina azuzuwa da yawa da hannun jama'a, wasu har yau ana karatu cikinsu, ni na ɗauki bulo a ciki kuma ban yi nadama ba, amma wanda ya ƙi fita ya san abin da zai gamu da shi. Shi ya sa in za a rubuta wajibin aiki to a rubuta haƙƙin ma'aikaci a jikinsa, layi ɗaya, kar a raba su. Kuma 'yancin sandika da yajin aiki kar a bari a taɓa shi ko da wane suna.

Sani na Italiya: Baba a nan ma haka ne, kowace jam'iyya da aya ta farko take yaƙin zaɓe, masu son a sauƙaƙa korar ma'aikata su ce don a samar da aiki ne, masu ƙi su ce don a kare aiki ne. A Yunin 2025 sandika ta jawo aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan dokokin kora da kwantiragi, mutane ba su fito sun kai rabi ba sai abin ya faɗi.

Hajiya Zuwaira: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa a kan 'yan aikatau ba. Mu nan mutum nawa ne a wannan gidan, kowa ya faɗi tsakaninsa da Allah nawa yake ba yarinyar da ke gidansa kuma tana zuwa lakwal ko ba ta zuwa.

Mushe Laminu: Hajiya tamu jika bakwai ce, 'yar wajen Dirum, shekararta goma sha uku, ba ta zuwa. Ni malamin makaranta. Tun da kika yi maganar ɗazu nake ta juya abin a raina, zan yi magana da maiɗakina yau in sha Allah, akwai makarantar da ba ta da nisa da mu, ko ta yamma ce a sa ta.

Alhaji Mamman: Nana 'yata, wannan takardar yarjejeniyar da kika ce, za ki iya rubuta min samfurinta da Hausa? Akwai yaro ɗaya da ya shekara shida a wajena, ubansa na zuwa daga Magarya ranar Alhamis, sai mu zauna da shi.

Nana Fasuma: Zan rubuta Alhaji, amma ku faɗa min shekara nawa kuka yi alkawari da farko da abin da kuka ce za ku ba shi na jari, kuɗi ne ko kaya, don in san yadda zan tsara ta. Kuma a samu shaidu biyu da ba 'yan gidanku ba.

Abdu Ɗan Birni: In kin gama ta Alhaji ki duba min ko akwai irinta tsakanin mai mashin da ɗan kabu-kabu, don mu ma baki da baki ne kawai, ranar da taya ta fashe ko aka kama mashin sai gardama ta tashi a kan wa zai biya.